Ba A Yanke Wa Babba Hanya

Duk wanda ya san garin Kochkor ya san farar Jigulin Orozbek. Mota ce da ta girmi rabin mutanen garin, ƙofarta ta baya sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa, amma in ta kama hanya ko tari ba ta yi. Aibinta ɗaya ne: in aka kashe ta da sanyin safiya kafin ta ɗau zafi, to sai turi. Shi ya sa kullum a kan gangaren ƙofar gidansa yake ajiye ta, ya sake ta ta gangara ta tashi da kanta, don kada wani mahaluki ya taɓa cewa ya ga ana tura Orozbek.

Orozbek irin namu ne, direbobin da, waɗanda makaranta ba ta riƙe mu ba, duwatsu suka koya mana tuƙi. Mu ba mu iya riƙe biro ba, amma inji ya yi kuka daga nesa za mu gaya maka abin da ke damunsa. Shi kuwa ko a cikinmu daban yake. Birki ya taɓa tsinke masa a gangaren dutsen Dolon da lodin gawayi, ya sauko da motar da giya kaɗai har ƙasa, ya fito ya kunna taba. Wata shekara dusar ƙanƙara ta binne shi a hanyar Torugart, ya ƙona tayar safaya yana jin ɗumi, har gida aka fid da rai. Ranar da ya dawo ya tarar an kamo dokin da za a yanka na makokinsa, yadda al'adarmu take. Ya dube su ya ce, "To me kuke jira? Ku yanka mana, yunwa nake ji."

Amma duk wannan ba shi ne abin taƙamarsa ba. Abin taƙamarsa shi ne, shekara hamsin da ɗoriya yana riƙe da sitiyari, ba a taɓa rubuta masa takardar tara ba. Ko ɗaya. Wannan magana ya faɗe ta a biki, ya faɗe ta a makoki, ya faɗe ta ga mai aski har mai askin ya haddace.

Baki kuwa shi ke yanka wuya. A bikin jikarsa, bayan an ci nama an ƙoshi, ɗansa Meder, wanda suke zaune gida ɗaya, ya sassauta murya ya kira shi Ata, yadda muke kiran uba, ya ce, "Ata, shekaru sun ja. Ka bar mini makullin nan, duk inda za ka ni zan kai ka."

Orozbek ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku ji ɗana! Yana so ya ɗora ni a kujerar baya kamar buhun dankali." Ya ɗauki burodi a kan shimfiɗa ya ɗaga sama. "Ga burodi shaida. Ranar da ɗan sanda ya rubuta mini takarda ta tabbata a kaina, ranar zan sa maka makulli a tafin hannu. Kafin nan kada wanda ya ƙara yi mini zancen."

Aka shafa, aka watse. A wurinmu wanda ya rantse da burodi a gaban jama'a ba shi da ƙofar baya.

Da kaka ta shigo aka zo aka shafa farin zane a kan babban titi, daidai bakin kasuwa, inda masu ƙafa za su riƙa tsallakawa. Aka kuma kawo wani sabon ɗan sandan hanya, Sajan Tilek, siriri, da 'yar kyamara maƙale a ƙirji.

Wata safiya Orozbek ya taho zai kai wa wani abokinsa buhun gishirin dabbobi. Yana isowa zanen sai ga Burul ta sa ƙafa za ta tsallaka. Burul matar ɗan ƙanensa ce, kelin ɗin gidansu ke nan, surukar dangi gaba ɗaya. Mijinta yana aiki a Rasha, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ke ɗaya gefen titin. Tana ɗaga ido ta ga farar Jiguli, sai ta janye ƙafarta, ta koma baya, ta dafa gwiwoyi ta rusuna.

Orozbek ya taka birki ya tsaya cak. Ya yi mata hannu ta wuce. Ta sunkuyar da kai. Ya sake yi mata hannu. Ko motsi. Ai ba a yanke wa babba hanya. Wannan tun yarinya tana rarrafe ake gaya mata shi, balle kelin a gaban wan surukinta. Na baya suka fara danna hon. Orozbek ya yi abin da ya saba yi, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya sa giya ya wuce.

Bai yi nisa ba Sajan Tilek ya tare shi da sandarsa mai ratsi, ya gaishe shi yadda muke gaida dattijo.

"Salamu alaikum, aksakal. Takardun mota."

"Wa alaikassalam. Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan gwamnati."

"Allah sarki, maraya ne ashe. Me na yi?"

"Ba ka ba mai ƙafa hanya ba."

"Na ba ta, ta ƙi karɓa. In ka miƙa wa baƙo shayi ya ce ya ƙoshi, ɗura masa za ka yi?"

"Ƙafarta tana kan zane, aksakal."

"Ƙafar da ta janye?"

"Sai da ta sa ta kafin ta janye. Doka ta ce in mai ƙafa ya hau zane, mota ta jira har ya tsallake."

"To da muna nan har dusar ƙanƙara ta sauko. Kai ba a yi maka tarbiyya ba ne? Uwarka tana yanke wa kakanka hanya?"

Kunnuwan yaron suka yi ja, amma hannunsa bai daina rubutu ba. Ya yage takardar ya miƙa da hannu biyu, da ladabinsa. "In ba ka yarda ba, kana iya kai ƙorafi ofis. Akwai 'yan kwanaki kafin ta tabbata."

Kafin Orozbek ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa Batma tana tsakar gida tana tsince ulu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Sannu da zuwa, zakin Dolon. Dutse bai kayar da kai ba, fenti ya kayar da kai."

"Rufe mini baki, tsohuwa."

"Ni na rufe. Burodin da ka ɗaga fa, shi wa zai rufe masa?"

Meder ya fito daga wurin tumaki yana goge hannu. Ya zo ya tsaya. Orozbek ya ji makullin a aljihunsa ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa. Ba kuɗin tarar ne ya dame shi ba, ko kallon adadin bai yi ba. Abin da ya gani shi ne kansa a kujerar baya, yana jiran sai ɗansa ya gama aiki kafin a kai shi gaisuwar mutuwa, yara suna buɗe masa ƙofa suna riƙe masa gwiwar hannu. Mu da muka ga irin wannan mun san yadda take ƙarewa: daga kujerar baya sai bakin murhu, daga bakin murhu sai a fara maganarka kana zaune kamar ba ka nan.

"Na ce in ta tabbata," in ji shi. "Ba ta tabbata ba. Zan kai ƙara."

"Gaskiya ne, Ata," in ji Meder. "Ni ma ba na son in karɓi makulli da kwana-kwana. Ni zan rubuta maka ƙorafin da hannuna. Amma kafin a yanke, mota ta huta."

Batma ta miƙo hannu. "Kawo nan. Ba kai ba, ba shi ba." Ta ƙulle makullin a bakin kallabinta, ta ci gaba da tsince ulunta.

Haka Orozbek ya koma tafiya da ƙafa, abin da rabonsa da shi tun yana kiwon tumakin gwamnati. Washegari ya sa farar hularsa, ya ɗauki takardar da Meder ya rubuta, ya nufi ofishin 'yan sanda. Ofishin yana ƙetaren titi. Ya zo tsallakawa daidai inda ya ga dama, kamar yadda muka saba tun titin yana hanyar dawaki, sai wata tirela ta taho daga hanyar Sin ta wuce shi da gudu, iskarta ta cire masa hula ta jefa a kwata. Direban ko waige. Orozbek ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya zagi direban da uban da ya ba shi lasisi, sannan ya tako a hankali zuwa wurin zanen.

Ya sa ƙafa ɗaya. Wata baƙar mota mai lambar Bishkek, babban birni, tana tahowa a guje, sai ya ji ƙarar birki, ta tsaya. A ciki wani saurayi ne da waya a kunne, ko kallonsa bai yi ba. Orozbek ya tsallaka yana satar kallon yaron. Wannan bai san Dolon ba, bai san dokin makoki ba, bai ga farin gemu ba. Fentin ya tsaya wa. Da akuya ce ta hau zanen, haka zai tsaya. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma kuma har ya isa ofis yana juya shi a zuci. Ya miƙa takarda, aka ce ya dawo ranar Alhamis da shaidarsa.

Shaida kuwa ita ce Burul, kuma babba ba ya zuwa ya roƙi kelin ɗinsa ta yi magana a kansa a gaban hukuma. Batma ce ta je. Ta dawo ta ce yarinyar ta yi kuka, ta ce ita ce ta jawo wa Ata abin kunya, amma za ta zo.

Ana gobe zama, Orozbek ya fita da safe sayen taba. Daga bakin shago ya hango wata mace can sama wajen injin niƙa, inda babu zane babu komai, inda manyan motoci ke sakin giya in sun fito daga kwana. Ta tsaya tana leƙe, jaka a hannu, sai ta ruga da gudu tsakanin tirela biyu. Ta biyun ta danna hon mai tsawo. Sai ya gane kallabin. Burul ce.

Ya dawo gida ko tabar bai saya ba.

"Me ya kai yarinyar nan tsallaka titi a wajen injin niƙa?"

Batma tana zuba masa shayi da madara. "Sai yau ka gani? Tun ranar ta daina bi ta zanen. Ta ce kada ta sake haɗuwa da kai a can ta sake jawo maka takarda."

"Ai motar ma a ajiye take!"

"Ta san za ka karɓo ta. Sabuwar hanya take koyo tun da wuri."

Orozbek ya riƙe kofin har shayin ya huce. Batma ta dube shi ta gefen ido, wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

Ranar Alhamis suka ɗunguma su huɗu. Shugaban ofishin, Manjo Esenaliyev, mutum ne mai furfura a gefen kai da idon wanda bai cika samun barci ba. Ya miƙe ya gaida Orozbek da hannu biyu, ya ba shi kujera, ya ba Batma. Sajan Tilek yana tsaye jikin bango. Burul ta maƙale a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

Orozbek ya fara da Dolon. Manjo ya bar shi ya sauko da motar gawayin har ƙasa, ya bar shi ya ƙona tayar safaya, amma da aka zo kan dokin makoki sai ya ɗaga hannu. "Aksakal, wannan na ji shi a bakin mahaifina. Bari mu ji ta bakin shaida." Ya juya wajen Burul. "Kin san direban motar?"

"Na san shi, yallaɓai."

"Sunansa?"

Fuskar Burul ta yi ja har wuya. Kelin ba ta kama sunan manyan gidan mijinta, ko da wuƙa a wuya.

Batma ta buga cinya. "Kai ɗan nan, a kasuwa aka haife ka? Ga sunan nan a rubuce a gabanka, sai ka sa yarinya ta faɗa?"

Manjo ya danne dariya. "Afuwa, Apa, uwarmu. To ke me kike ce masa?"

Murya can ƙasa ta ce, "Ata mai mota."

"Madalla. Ata mai mota ya tsaya a zanen?"

"Ya tsaya."

"Ya ba ki hanya?"

"Ya yi mini hannu har sau biyu."

"Me ya hana ki wucewa?"

Ta ɗan ɗago da mamaki, kamar an tambaye ta me ya sa ruwa yake gangara. "Ba a yanke wa babba hanya."

"Da ya ci gaba da tsayuwa fa?"

"Da na ci gaba da tsayuwa."

"Har yaushe?"

"Har ya wuce."

Orozbek ya gyara zama, ya shafa gemu, ya dubi Sajan Tilek. "Ka ji tarbiyya, ɗan gwamnati?"

Manjo ya juyo da allon na'urar da ke kan teburinsa. "Bari mu ga abin da kyamarar yaron ta ɗauka."

Ga farar Jiguli nan ta tsaya. Ga hannu ya fito ta taga sau biyu. Ga Burul a rusune. Ga motar ta wuce. Orozbek ya buɗe baki zai ce gani ya kori ji, amma Manjo bai tsayar da hoton ba, ya bar shi yana tafiya. Yanzu fuskar Orozbek ce ta cika allon, yana ta faɗa yana nuna yatsa. Amma ta saman kafaɗarsa ana hango zanen. Motar da ke bayansa ta bi sawunsa ta wuce. Ta bayanta ma ta bi. Sai tirela, sai wata tirelar, sai bas, kowa yana bin wanda ke gabansa, don in na gaba ya wuce na baya ba ya tambaya. Burul tana nan tsaye a bakin zanen da jakarta. Ta sa ƙafa, ta janye. Ta duba agogon hannunta. Har aka gama rubuta takardar aka yage, ba ta tsallaka ba.

Direba gabansa yake kallo. A shekara hamsin Orozbek bai taɓa ganin abin da yake bari a bayansa ba in an ba shi hanya ya wuce.

"Kullum haka ne?" Ba Manjo ne ya yi tambayar ba, Orozbek ne, kuma bango ya tambaya, don ba ya yi wa kelin magana kai tsaye a gaban baƙi.

Batma ce ta ce, "In kun haɗu."

Manjo ya jawo takardar tarar gabansa. "Doka ta ce direba ya ba da hanya. Ka tsaya, ka bayar, mai hanyar da bakinta ta ce ita ta ƙi. Na soke wannan." Ya ja layi a kai ya sa hannu. "Amma aksakal, ka ji ni da kyau. Rabin matan garin nan kelin ɗinka ne, ko ta nan ko ta can. Ba zan iya kiran su ɗaya bayan ɗaya ba. In yaron nan ya sake ganin ƙafa a kan zane motarka ta wuce, zai sake rubutawa, ni kuma ba zan sake sokewa ba."

"Wato so kuke 'ya'yanmu su zama marasa kunya."

"Ni ma haka aka raine ni. Matata ba ta taɓa yanke wa mahaifina hanya ba har ya koma ga Allah. Amma a da, hanyar babba doki ɗaya ne, ya wuce an gama. Yanzu hanyarka tana jan tirela goma a wutsiya."

A bakin ofis Batma ta kwance bakin kallabi ta miƙa masa makulli. Meder ya ce, "Barka, Ata. Ka ci."

"Da ma wa ya ce zan faɗi?" in ji Orozbek. Amma muryar ba ta fito yadda ta saba ba, kuma a ranar bai je shagon mai aski ya ba da labari ba.

Kwana biyu motar tana kan gangare bai taɓa ta ba. Yana zaune a kan dakalin ƙofar gida yana jujjuya makulli. Titi ɗaya ne ya ratsa garin, ba yadda za a yi ya kauce wa zanen. In ya ci gaba yadda ya saba, takarda ta biyu tana nan tafe, makulli ya tafi. In Burul ta ci gaba da bi ta injin niƙa, takarda ba za ta zo ba, makulli ya zauna, amma wata safiya tirela za ta fito daga kwana da sauri fiye da ƙafarta. In kuma ya aika a ce mata ta riƙa yanke masa hanya, ba za ta yi ba. In ma ta yi, tsofaffin matan kasuwa za su cinye ta ɗanya, su ce miji na Rasha ta zubar da kunya. Shi da kansa, in ya faɗi gaskiya, ba ya son ganin ranar. Rusunawar nan da albarkar da yake sa mata suna cikin 'yan abubuwan da suka rage masa.

Yana nan zaune sai wani makiyayi ya sauko daga dutse a kan doki, tsoho ne sa'anmu, ya tsaya a gidan maƙwabci. Matan gidan da ke kai da kawo a ƙofa suka dakata har ya iso. Ya sauka, ya ɗaure doki, ya tsuguna yana kwance igiyar takalmi. Nan take matan suka ci gaba da harkarsu, wannan ta gifta ta gabansa da buta, waccan ta gifta da itace. Ba wanda ya ce an yanke masa hanya.

Orozbek ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ƙwala kira, "Tsohuwa!"

"Ban kurumce ba."

"Je ki gaya wa kelin, gobe ta bi ta zanen. Ki ce umarni ne."

"Me kake ƙullawa kuma?"

"Ke dai ki zo ki ga aikin maza."

Da safe sanyi har ya sa ruwan kwata ya fara daskarewa. Ya saki motar ta gangara ta tashi, Batma a gefensa da bargo a gwiwa. Inji bai ko fara ɗumi ba suka iso bakin kasuwa. Sajan Tilek yana inda yake, yana hura hannu. Burul tana bakin zane. Ta hango farar Jiguli, ta koma baya, ta dafa gwiwoyi.

Orozbek ya tsaya. Bai yi mata hannu ba. Ya ja birkin hannu, ya dubi allurar zafi da ke kwance a ƙasa, ya san sarai abin da zai biyo baya. Ya murɗa makulli. Injin ya yi shiru.

Batma ta zaro ido. "Ka kashe ta? Da wannan sanyin?"

Ya zare makullin, ya buɗe ƙofa, ya fito. Ya gyara hularsa, ya jingina da motar, ya ɗaga makullin sama yadda ya ɗaga burodi a wurin biki. Masu sayar da tuffa da masu jiran bas duk suka juyo. Ba Burul ya kalla ba, duwatsu ya kalla, ya yi magana da ƙarfi.

"Jama'a, ku shaida. Mai tafiya ake yanke wa hanya. Ni na sauka daga dokina, zango na yi. Wanda ya sauka ba shi da hanya. Duk mai wucewa ya wuce."

Na baya suka fara hon. Bai ko waiga ba. Burul ta ɗago ta dubi Batma ta gilashi. Batma ta gyaɗa mata kai. Ta dubi tsofaffin matan da ke zaune bayan buhunan tuffa, babbarsu ta taɓe baki, ta yi ɗan tunani, sannan ta ce, "Ai gaskiyarsa, ya sauka. Wuce, 'yar nan, kada ki makara."

Burul ta sa ƙafa a kan zanen. Ta taka a hankali, kanta a ƙasa, ta gifta ta gaban farar Jiguli, motocin ɗaya hannun ma suka tsaya mata. Da ta kai ƙetare sai ta juyo, ta dafa gwiwoyi ta rusuna.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji Orozbek. Wasu mata biyu da wani mai keke suka bi bayanta, ya bar su duk suka wuce.

Sannan ya koma ciki ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙugi ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari ɗaya kamar tsohuwar tunkiya. Ya sake, ko tarin babu.

"To, zakin Dolon," in ji Batma, "ga ranar da ake gudu."

Kasuwa gaba ɗaya tana kallo. Orozbek ya zauna riƙe da sitiyari, wuyansa ya yi zafi duk da sanyin. Sai ya leƙo ta taga.

"Kai, ɗan gwamnati! Akwai dokar da ta hana mota mutuwa a bakin zane?"

Sajan Tilek ya matso yana cije leɓe. "Babu, aksakal. Amma akwai wadda ta hana tare hanya."

"To me kake jira? Ka kawar da ita mana."

Yaron ya soke sandarsa a ɗamara, ya dafa bayan motar. Direban tirelar da ke baya ya gaji da hon, ya sauko yana gunaguni ya sa hannu. Suka tura, suka tura, Orozbek ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, farar Jiguli ta yi tsalle ta kama, ta bar su cikin hayaƙi.

Suka ɗan yi tafiya. Can Batma ta ce, "Yanzu kullum haka za ka riƙa yi?"

"In ta yi zafi ba ta buƙatar turi."

"In ba ta yi ba fa?"

"To ga shi can a tsaye, aikin me yake yi?"

Da azahar yana shagon mai aski, an shafa masa kumfa har kunne, yana ba da labari. Ya ce a duk faɗin ƙasar nan, daga Talas har Naryn, a nuna masa direba ɗaya da gwamnati da kanta take tura wa mota. Mai askin ya ce ya daina motsi kada ya yanke shi. Makullin yana cikin aljihun rigarsa ta ciki, inda ya saba zama, kuma da Meder ya leƙo ya tambaya ko a zo a ɗauke shi in an gama, sai ya ce masa ya je ya ba tumaki ruwa.